Agogo yana gumi, yana gudu: a kai wa mai gyara ko a bi garanti?

Baban Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan agogon hannu, don na san akwai masu ido a gidan nan. Yayana ne ya sayo mini shi a Dubai da ya je sarin kaya, irin wanda ba ya cin batir, motsin hannu ne ke tafiyar da shi. Bai cika shekara ba. Matsala biyu gare shi. Ta farko, wata safiya na tashi na ga gumi a ƙarƙashin gilashin, daga ciki. In rana ta ɗaga sai ya ɓace, amma yana dawowa. Ta biyu daga baya ta zo: ya kama gudu. In na saita shi da asuba, kafin isha'i ya wuce agogon waya da minti huɗu ko biyar. Katin garanti yana nan cikin kwali, an rubuta shekara 2. To in kai shi Adum, tsakiyar garin Kumasi, wajen masu gyara a buɗe a duba, ko in nemi hanyar mayar da shi ga kamfani? Kuma daga nan unguwarmu Aboabo ta ina ma ake farawa?

Ɗan Pragya:
Wa alaikumus salam. Agogon da ke riga liman zuwa isha'i ai ba lalacewa ya yi ba, shiriya ya samu. Bar shi ya riƙa kai ka sahun gaba.

Ɗan Magazin:
Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Gobe ka sauka Adum ka ba mai gyara, kafin azahar ka dawo da abinka a hannu. Mu a Suame Magazin, unguwar makanikai, muna sauke injin tirela mu wargaza shi mu sake haɗawa, ba mu taɓa aika wa Bature ya taya mu ba. Sai ɗan agogo ne za a ce sai ya hau jirgi?

Boga:
A'a fa. Baban Hanifa, ka ji ni da kyau, kada ka bari kowa ya kwance murfin bayan nan. Ranar da wanda ba wakilin kamfani ba ya buɗe shi, ranar garantinka ya mutu. Duba ɗan littafin da ya zo da shi, haka yake a rubuce. Kuma suna ganewa. Murfin yana da 'yan gurabe da ake kamawa da makulli na musamman, in aka sa almakashi ko bakin wuƙa aka murɗa, tabon ba ya ɓuya. Kuɗin gyaran nan an riga an karɓe shi cikin farashi ranar da Yayanka ya biya. Don me za ka bar musu shi, ka sake biyan wani a Adum?

Ɗan Magazin:
Boga, kai kana Hambog ta Jamus, inda za ka jefa kwali a gidan waya ya isa jibi. Mu nan faɗa mana ƙofar ofishin da zai shiga.

Masta Mai Agogo:
Salamu alaikum. Tunda an taɓo sana'ata bari in sa baki. A teburin mahaifina na tashi, tun tsohuwar kasuwar Kejetia kafin a rushe ta a gina wannan. Abin da zan faɗa zai iya hana ni cinikin gobe, amma a kan wannan agogon Boga ya fi Ɗan Magazin gaskiya. A kan wannan na ce, ba kowane ba.

Yawancin abin da ke zuwa teburina mai batir ne. In ka buɗe irin waɗannan za ka ga fili fetal a ciki, da ɗan inji bai kai faɗin kobo ba, an kewaye shi da farar roba don kada ya yi lilo. Da yawansu Miyota 2035 ne, na Japan, ko mai kama da shi. Wannan injin ba a gyara shi. In ya mutu sai in cire hannuwan agogon, in ɗaga fuskar, in sa sabo, in mayar. Kuɗinsa bai kai kuɗin motar zuwa Akra da dawowa ba. Wanda zai ɗauki irin wannan ya bi garanti har Dubai, to sai dai in yawo yake so.

Na Baban Hanifa daban ne. Babu batir, babu wuta. Wani ƙarfe ne mai nauyi, rabin da'ira, yake juyawa in ka motsa hannu, shi ke wana shi. Sannan akwai ɗan gare mai kai da komo, a jikinsa akwai wata waya da ta fi gashi sirantaka, ta nannaɗe. Ita ce ke riƙe lokaci. Irin na Japan da suka fi yawa a hannun mutanenmu suna bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a sakan guda. Irin wannan in ya ƙara ko ya rage sakan 20 ko 30 a rana, ba ciwo ba ne, halinsa ne. Amma minti biyar tsakanin asuba da isha'i, wannan akwai dalili.

Baban Hanifa, amsa mini abu uku. Me aka rubuta a fuskarsa ko bayansa game da ruwa? Kana alwala da shi? Kuma in ka cire shi, ina kake ajiyewa?

Maman Ridwan:
Kafin ya amsa, Masta ka yi haƙuri, ba da kai nake ba, amma ni na daina yarda da masu tebur. Agogon da aka sa mini a kayan aure, batir kawai na kai a canza. Ina tsaye ya buɗe, na ga wani siririn zobe baƙi ya faɗo kan tebur, ya share shi da hannu ya zuba ƙasa. Na ce wannan fa? Ya ce datti ne. Da damina ta zo ruwa ya shiga. Na kai wa wani, ya nuna mini batirin ya yi farin gishiri ya cinye wurin zamansa. Agogon yana nan cikin kwano har yau.

Masta Mai Agogo:
Maman Ridwan, Allah shi mayar da alheri. Abin da ya share ɗin nan shi ne robar da ke hana ruwa shiga. Ko ba ta faɗo ba, duk wanda ya buɗe agogo ya kamata ya duba ta, ya shafa mata ɗan man silikon kafin ya rufe, in ta bushe ya sa sabuwa. Batirin kuma, ku riƙa karanta abin da ke jikinsa kafin a sa muku. SR626SW da LR626 girmansu ɗaya, dukansu suna shiga rami ɗaya. Na SR shi ne na agogo. Na LR ya fi araha, amma bai daɗe kamarsa ba kuma ya fi saurin yoyo. Mai saye yana cewa a ba shi mai sauƙi, mai tebur ba ya so ya rasa ciniki, sai a haɗu a cuci agogon.

Ban musa ba akwai bara-gurbi a cikinmu. Akwai wanda jiya yana sayar da gilashin ido da bel, yau ya sayi sukundireba ya zama mai gyara. Akwai mai tsoma inji gaba ɗaya cikin fetur ya kaɗa ya busar ya ce ya wanke. Zai yi tafiya kwana kaɗan, sannan ya tsaya, don fetur ya kwashe man da ke cikin 'yan duwatsun da ƙarafan injin ke juyawa a kai, shi kuma bai mayar ba.

Ɗan Magazin:
To ai kowace sana'a haka take. Mutum ya nemi gwani, ba wai ya gudu daga garinsu ba.

Baban Hanifa:
Masta, a baya an rubuta 5 BAR. Da farko kam ina alwala da shi, don Yaya ya ce ba ya jin ruwa. Da na ga gumin nan na daina, sai in cire. Ka san ni ke kula da na'urar kiran salla a masallacin layinmu, to in na cire sai in ɗora shi kan akwatin lasifikar da ke kusa da ƙofa, in na idar in ɗauka. Da dare kuma kan tebur, kusa da waya.

Masta Mai Agogo:
Alhamdu lillahi, ka gama ba ni amsa. Gudun nan ba daga kamfani ba ne, daga lasifika ne. A bayan kowace lasifika akwai maganaɗisu babba. Ka ɗora agogo a kai sau biyar a rana, siririyar wayar nan ta ɗauka, zagayenta suka manne da juna, ta gajarce. In ta gajarce sai garen ya ƙara sauri. Shi ya sa gudun ya zo bayan gumin, don sai da ka ga gumi ka fara cirewa.

Gwada da kanka yanzu. In kana da dardumar Makka mai ɗan kamfas ɗin alƙibla a jiki, ko kamfas ɗin kaɗai, ajiye shi a ƙasa allurar ta natsu, sannan ka kawo agogon kusa a hankali, ka juya shi. In allurar ta bi shi sosai, magana ta ƙare. Maganinsa ba ya buƙatar buɗewa. Ina da ɗan akwati da ake sa wa wuta, a ɗora agogon a danna, a ja shi nesa a hankali, shi ke nan. Garantinka yana nan daram.

Ɗan Pragya:
Wato agogon ya sha wa'azi ne har ya wuce gona da iri. Ni dai Casio ɗina baƙi na roba, F-91W, tun 1989 ake yin irinsa ba a canza masa kama ba. Batir ɗaya shekaru. Rana, ruwa, ƙurar hanyar Tafo, bai taɓa ce mini uffan ba. Ku masu agogon Dubai Allah shi ba ku haƙuri.

Baban Hanifa:
Subhanallahi. Na gwada da kamfas ɗin dardumar Mma. Allurar ta juya ta bi shi kamar an kira ta. Masta, gobe ina nan tafe.

Ɗan Magazin:
Kun gani ko? Da ya bi ta Boga, da an yi wata uku agogo yana yawon duniya a kan abin da ake gamawa a Adum kafin shayi ya huce.

Boga:
Kada ka yi saurin buga ganga. Rabin matsalar aka warware, kuma rabin mai sauƙi. Gumin fa? Agogo mai 5 BAR bai kamata alwala ta shige shi ba. Mutane suna ganin an rubuta mita 30 ko mita 50, wato 3 BAR ko 5 BAR, su ɗauka zurfin da za su iya nutsewa ke nan. Ba haka ba ne, awon matsi ne da aka yi a ɗakin gwaji, ruwa yana tsaye. Mai 3 BAR na yayyafi ne da wankin hannu. Mai 5 BAR ya fi shi. Mai 10 BAR ne ake iyo da shi hankali kwance. To alwala ai wankin hannu ce. In sabon agogo mai 5 BAR ya sha ruwa a alwala, ko dai robarsa ba ta zauna daidai ba tun daga masana'anta, ko gilashin bai matsu ba. Wannan shi ne ainihin abin da aka yi garanti dominsa.

Masta Mai Agogo:
Ko kuma ɗan maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi ya kasance a jaye lokacin da ruwa ya taɓa shi. Wannan ya fi yawa a abin da nake gani. Hannun riga ma yana jan sa mutum bai sani ba. Sabulu da ruwan zafi su ma suna gajiyar da roba. Kuma in kamfani suka gwada shi a injin matsi suka ga ba ya yoyo ta ko'ina, za su ce ta maɓallin ya shiga, laifin mai shi ne, su rubuto maka kuɗi.

Boga:
In sun gwada suka ga yana yoyo kuma fa? Sai su gyara kyauta, wataƙila har da sabon inji. Masta, kai kana da injin matsin?

Masta Mai Agogo:
Ba ni da shi. Ba zan yi maka ƙarya ba. Zan iya buɗewa, in busar, in sa sabuwar roba, in rufe da kyau. Amma in ce maka na auna ya koma 5 BAR, ba zan iya ba. Nan ne suka fi mu, nan da kayan gyara na asali.

Na Alabar:
Ni tambaya ɗaya gare ni, kada a ji haushi. An tabbata agogon na asali ne? Don Dubai ɗin nan har kwali da kati da leda ana bugawa. Kada a sha wahala a kai shi can su ce ba ɗansu ba ne.

Baban Hanifa:
Haba Na Alabar. Yayana ne fa ya saya da hannunsa.

Na Alabar:
Ban ce Yaya ya cuce ka ba. Cewa na yi ana iya cutar Yaya.

Hajiya Mai Abaya:
Ku dakata yarana, kada ku yi faɗa a kan abin da hoto ɗaya zai raba. Baban Hanifa, ɗauko katin ka duba abu uku: hatimin shago, ranar saye, da lambar agogon. Lambar da ke katin ta zama ita ce a murfin baya. Ni ina shiga Deira, unguwar kasuwanni a Dubai, sari, na san yadda abin yake. Shaguna iri biyu ne. Akwai wakilin kamfani, shi farashinsa ba ya motsi sosai, amma yana cika kati ya buga hatimi. Akwai kuma masu samo kayan ta wata hanya. Agogon na gaske ne, ba jabu ba, kuma sun fi araha, amma katinsu ko dai fanko ne ko hatimin shagonsu ne kawai, wanda kamfani ba lallai ya karɓa ba. Mutanenmu kuwa ka san mu da ragi. Sai a rage maka ɗan wani abu ka fito kana murna, ashe garantin ka sayar musu.

Baban Hanifa:
Mma Hajiya, na duba. Hatimi yana nan, rana tana nan. Wurin lambar babu komai.

Boga:
Kash. Wannan zai iya kawo gardama.

Hajiya Mai Abaya:
Zai iya, amma ba a mutu ba. In rasit yana nan kuma lambar tana jikinsa, shagon da suka sayar za su cike. Kira Yayanka ya binciko rasit. 'Yan kasuwa ba ma yar da takarda, sai dai mu manta jakar da muka sa.

Tsohon Akawu:
Bari in ƙara wani abu, don na ga kowa yana kamfani kamfani an manta da mai shago. A nan Gana akwai dokar sayar da kaya ta 1962, Act 137. A ƙarƙashinta, wanda ya sayar maka da abu yana ɗauke da alhakin aibin da ke ciki wanda bai bayyana maka ba kuma ba ka sani ba lokacin ciniki. Ba sai da kati ba. Garantin kamfani ƙari ne a kan wannan, ba madadinsa ba. Saboda haka wanda ya sayi agogo a shago a Adum ko a Kumasi City Mall, ƙofar farko da zai ƙwanƙwasa ita ce ta shagon, da rasit a hannu, kuma da wuri. Amma na Baban Hanifa a Dubai aka yi ciniki, dokarmu ba ta kai can ba. Wannan shi ne kuɗin da ba a lissafawa idan aka ce kaya sun fi araha a waje.

Na biyu, in za a aika ta kamfanin aike, a yi hattara da abu biyu. A rubuta darajar agogon a biya inshora, don yawancinsu suna da iyakar abin da suke biya in irin wannan kaya ya ɓata. Sannan a nemi takardar kwastan da ke nuna kaya ne ya fita gyara zai dawo. In babu ita, ranar dawowa za a iya ɗaukar sa sabon kaya a lissafa masa haraji. In ka haɗa kuɗin aike zuwa, da inshora, da zirga-zirga, ka auna da kuɗin agogon. In sun kai sulusinsa, ni dai zan yi tunani sau biyu.

Malam na Yalwa:
Abin da Kawu Akawu ya faɗa yana da asali a fiƙihu tun kafin dokar. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye ko ba a sani ba, yana da zaɓin mayarwa. Amma malamanmu na Malikiyya sun ce in ya ga aibin ya ci gaba da amfani da abin kamar ba komai, wannan alamar yarda ce, zaɓin yana iya faɗuwa. Kuma haƙƙin na wanda ya yi cinikin ne, wato Yaya. Don haka Baban Hanifa, ka daina ɗaura shi, ka sanar da Yaya, shi ya yi magana da masu shagon. Kuma in an tambaye ka ko ka yi alwala da shi, ka faɗi gaskiya. Kada a nemi haƙƙi da ƙarya.

Ɗan Magazin:
Malam, in ya faɗa ai sun samu hujja.

Malam na Yalwa:
In hujjar tasu ce, ai tasu ce.

Boga:
Ba ma hujja ba ce. Wankin hannu yana cikin abin da suka yi alkawari da kansu. Baban Hanifa, tun kafin a yi maganar jirgi, shiga shafin kamfanin a intanet ka aika musu imel da hoton katin da na bayan agogon da na gumin. Ka tambaye su wakilinsu mafi kusa da Kumasi. In katin na ƙasa da ƙasa ne, ba dole sai inda aka saya ba, duk wurin gyaran da suka amince da shi zai karɓa. In sun ce akwai a Akra, kilomita 250 ne, ka hau bas ɗin VIP a tashar Asafo ka miƙa da hannunka a ba ka takarda. Imel ɗin kuma shaida ce cewa ka kai ƙara tun garanti yana da rai. Manyan kamfanoni ma yanzu tsawaita shi suke yi, Rolex ta mayar da nata shekara 5 tun 2015, Omega ta bi a 2018. Ba don Allah suke yi ba, sun san yawancin mutane ba sa dawowa.

Hajiya Mai Abaya:
In kuma sun ce sai Dubai, ni zan tafi bayan Mauludi in Allah ya yarda. Ka kawo in kai. Amma ka sani ba a tsaye ake yi ba. Karɓa suke su ba da takarda su ce a dawo, kuma ni kwanakina a can ba su da yawa. Sai dai in ajiye a wannan tafiyar in karɓo a ta gaba, ko in bar wa wani takardar. Ka shirya zama ba agogo na wani lokaci.

Masta Mai Agogo:
To a nan ne ni hankalina bai kwanta ba, kuma shi ne abin da ba wanda ya taɓo. Ruwa ba ya jiran Mauludi. Gumin da yake gani da safe ya ɓace da rana ba fita yake ba, zafi ne ke mayar da shi tururi, sanyi ya dawo da shi kan gilashi. Yana nan ciki. Cikin injin kuwa ƙarfe ne. Wurin da ke fara ci shi ne sandar maɓallin nan da 'yan ƙarafan da ke kama ta. Na sha buɗe agogo in ga jan tsatsa ya bi sandar ya shiga ciki, fuskar ta yi ɗigo-ɗigo, farin da ke haske da dare a jikin hannuwan ya koma ruwan ƙasa. Da a makon farko aka kawo, busarwa ce da roba. Bayan wata uku a danshin Kumasi, sai dai sabon inji. To in kamfani suka karɓi laifi, ba ruwanka, su za su sa. In suka ƙi, ka yi asarar garanti, ka yi asarar inji, ka yi asarar lokaci.

Ɗan Magazin:
Yawwa. Abin da nake faɗa tun jiya ke nan.

Masta Mai Agogo:
Ba shi kake faɗa ba, Ɗan Magazin, kai cewa ka yi a buɗe kawai. Akwai abin da zai yi yau da dare ba tare da an taɓa murfi ba. Ja maɓallin gefe waje har ƙarshe, don iska ta samu hanya. Nemo 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na waya, sababbi in zai yiwu, da yawa. Sa su da agogon cikin kwalba mai murfi ka rufe gam, ka ajiye wuri mai ɗumi, ba cikin rana ba, ba kusa da murhu ba. Kada ka binne shi cikin shinkafa, garinta yana bin ramin maɓallin ya shiga. Wannan ba gyara ba ne, jinkirta ɓarna ne. Amma zai ba ka lokacin jiran amsar imel.

In amsa ta zo cewa katin yana aiki kuma akwai inda za a kai kusa, ka kai can, ni da kaina na ce. In suka ce ba su san shagon ba, ko aka yi shiru har sati biyu, ka kawo in buɗe a gabanka.

Maman Ridwan:
A gabansa ɗin nan shi ne magana. Kuma ya ɗauki hoton cikin da waya kafin a taɓa komai.

Masta Mai Agogo:
Ya ɗauka, har bidiyo in yana so. Duk abin da na cire kuma a leda nake ba mai shi. Maman Ridwan, ke ma fito da naki daga kwanon nan. In wurin zaman batir ne kawai ya ci, sabon inji zai tashe shi.

Baban Hanifa:
Jama'a ga inda aka kwana. Na je wurin Masta da safe. Bai buɗe ba. Ya ɗora shi kan ɗan akwatin nan, ya danna, ya ja shi sama a hankali har tsawon hannu, ya maimaita, sannan ya kawo shi kusa da kamfas ɗinsa, allurar da ƙyar ta motsa. Ya kara shi a jikin wayarsa da wata manhaja mai sauraron bugun agogo, ya ce saura 'yan sakanni a rana. Na ciro kuɗi ya ce in saya wa Hanifa koko da ƙosai. Ya kuma duba da gilashin idonsa ya ce ga alama na asali ne, Na Alabar ka ji. Yanzu yana cikin kwalba. Yaya ya samo hoton rasit a tsohuwar wayarsa, lambar tana jiki, ta yi daidai da ta murfi. Ɗan ƙanena ya taya ni rubuta imel, mun aika.

Na Alabar:
Masta ya ce ga alama. Bari mu ji ta bakin masu shi.

Ɗan Magazin:
Ni har yanzu ina nan a kan bakana. Sati biyu za su cika, za a dawo Adum.

Boga:
In sun amsa kafin nan, kai za ka biya masa kuɗin VIP zuwa Akra.

Ɗan Magazin:
Na yarda, zuwa kawai. Dawowa kai.

Hajiya Mai Abaya:
Ko ma dai yaya ne, Baban Hanifa ka buga rasit ɗin a takarda, ka haɗa da katin da kwalin ka ajiye wuri ɗaya. In ta kama sai da ni, ka kawo gida kwana biyu kafin tafiya, ba ranar da nake ɗaure kaya ba.

Masta Mai Agogo:
Mma Hajiya, in ya zo hannunki kada a sa shi a aljihun jaka na kusa da marufi, irin mai mannewa da kansa. Shi ma maganaɗisu ne.

Ɗan Pragya:
Masta, tunda kana nan, bel ɗin nawa ya tsage wajen rami na uku. Akwai a wurinka ko sai na shiga Kejetia?

Masta Mai Agogo:
Akwai. Ka zo bayan la'asar, kuma kada ka ajiye mini pragya, keken nan naka mai ƙafa uku, a bakin tebur.